Katakon da Inna Za Ta Dafa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Yaya ƙugun nata? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan ƙalau muke, in ban da ciwon kan da na janyo wa kaina.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Ke wayarki kullum a buɗe kike sa ta, Inna kuwa ƙafa ce ta gaza, kunne yana nan garau. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke bi ta wajenku.

Na ji sharaɗinki, kuma ban ga laifinki ba. Benenku ya gagare ta tun da ta faɗi, kin yarda ta dawo wurina, amma sai in za ta iya kai kanta banɗaki ba wanda ya riƙe ta. In ba haka ba, Auta ya wuce da ita gidansa, can uwa duniya inda zuwa sai an yi shiri. Mun san halinta. Gara ta yini ba ta sha ruwa ba da a kama hannunta a kai ta bayi. Ni kuma ina son uwata a gidana, Yaya. Zuwan da na yi bayan faɗuwar, a kwance na same ta, a kwance na baro ta, har yau abin yana cin raina.

Ɗakin a shirye yake. Abin da ya rage kawai dogon katako ne da za a kafa a bangon lungun nan, daga ƙofarta zuwa banɗaki, ta riƙa dafawa. Aikin yini guda ne wajen kafinta. Kuskurena ɗaya, na yi zancen a gaban ƙanin naki, maigidana.

Kin san tun da ya bar aikin ofis yake zagaye gida yana neman abin da zai sa wa ido. Sai ya miƙe ya ce wai surukarsa guda, a ce wani ƙato ne zai zo ya kafa mata abin dafawa, shi yana zaune da hannu biyu? Mutumin da in ƙwan lantarki ya mutu, ni ke hawa kujera, shi yana ƙasa yana ba da umarni!

Washegari ya fitar da mota daga gareji ya bar ta a rana, ya ce daga yau nan ne wurin aikinsa. Ya ja ni kasuwa wai in taya shi zaɓe. Na ga ta kaina. Duk gudumar da ke shagon da muka shiga sai da aka sauko masa da ita, yana ɗagawa yana jinjinawa kamar mai zaɓen kankana. Ya ɗauki zarto ya kanne ido ɗaya yana duban haƙoransa. Mai shago ya gane ya samu nama, yana ta kiransa Injiniya, shi kuma yana ƙara kumbura. Muka dawo da kwali cike: guduma, zarto, kurfin huda bango, filaya, sukundireba manya da ƙanana, tef ɗin awo, samfefa, har da jerin sufanu da ban san abin da za su ɗaure a jikin katako ba.

Yanzu yara ma Injiniya suke ce masa. Ki ba ni ɗan lokaci, kada ki yi wa Auta magana tukuna. Ki gaida Inna, ki ce ina gyara mata ɗaki, amma kada ki ambaci katako, kin san za ta ce ita ba gurguwa ba ce.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Inna Ƙarama

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata gajiyar jinya ba ta yi miki yawa ba, Allah ya ba da lada. Saƙonki ya iso, na ji kina tambayar ko an gama. An gama me? Ba a ma fara ba.

Bari ki ji abin da aka gama. An samo faffaɗan allo an kafa a gareji, an rataye kayan nan a kai, kowanne an zagaye shi da jan fenti yadda in an ɗauke shi za a ga gurbinsa. Kullum da safe sai ya shiga da tsumma da ɗan mai, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. Abokansa na ofis sun zo sun gani, sun sa albarka, har shayi na kai musu can. Tef ɗin awo har yau yana cikin ledarsa.

Ƙusoshin da ya rataye kayan a kai kuwa, kin san da me ya buga su? Da gudumar maƙwabcinmu mai walda. Wai tasa sabuwa ce, in ta sha ƙusa fuskarta za ta yi tabo. Na ce to ita guduma don ado aka ƙera ta? Ya ce ni ban san darajar kayan aiki ba. Yanzu kullum yana ƙofar mai walda, yau aron zarto, gobe aron kurfi, har kunya ta sa na daina bi ta gaban shagon. Gudumar aron ma kanta girgiɗi yake yi. Shekaranjiya ya fice ya tashi sama, ya sauka a kan bokitin wankina ya raba shi biyu. Ya dubi bokitin ya ce dama ya tsufa.

Ranar da hannun tukunyata ya saki, na shiga garejin na ɗauki ƙaramar sukundireba na ɗaure, na mayar inda take. Ashe na rataye ta kai ƙasa. Da kin ga binciken da aka yi a gidan nan, sai ki rantse zinariya aka sace. Yanzu kwaɗo ne a ƙofar garejin, mabuɗi yana aljihunsa.

Na yi niyyar in je in ɗauko kafinta, abin da zai faru ya faru. Har na yafa mayafi, sai na hango shi ta taga zaune da katakon a cinya, yana gugarsa da samfefa, yana shafawa da bayan hannu. Da ya ɗago ya gan ni, ya ce fatar tsofaffi ba ta jure sartse. Na koma na ajiye mayafin. Haushi nake ji kamar in yi ihu, amma ba zan iya yi masa haka ba.

Na san Auta yana matsa miki. Ki lallashe shi, ki ce ni na roƙa. Ki shafa min kan yara.

Taki mai haƙurin dole,
Inna Ƙarama

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya, Inna tana samun barci. Albishirinki! Katako ya hau bango.

Amma sai da muka kai ruwa rana a kan awo. Injiniya ya ce ba zai huda bango ba sai ya san daidai inda hannun Inna yake kaiwa, wai in rubuto miki ki gwada ta da zare ki aiko. Na ce wallahi ba za a ƙara min wani jiran direba ba. Kuma ta yaya za ki gwada Inna da zare ba ta tambaye ki ko likkafani za ki yanka mata ba? Na ce ga ni a tsaye, me ake nema da zare? Ba a banza ake ce min Inna Ƙarama ba. Tsayinmu ɗaya, tun ina budurwa rigunanta nake sawa, ba a taɓa rage min ko kaɗan ba. Sai ya ce to.

Sai ya mai da ni abin gwaji. In fito daga ɗaki, in dafa bango, in taka zuwa banɗaki, yana bi na da fensir yana sa alama. In dawo. In sake. Wai in yi masa tafiyar Inna. Na kuwa yi masa ita, kai a sama, ƙirji a gaba, irin wadda take yi in ta nufo makarantarmu an ce mun yi faɗa. Yara har da faɗuwa don dariya.

Hudar bangon kuwa kada ki so ki gani. Kurfin mai walda ya daɗe da dakushewa, gudumar an ɗaure kanta da waya. Gida ya cika da ƙura, ya doke babban yatsansa har farcen ya yi baƙi, nasa sababbin kayan aikin suna can a rataye suna sheƙi. Kowane rami sai ya cusa masa guntun katako, sannan ya ɗaure noti. Da ya gama ya rataya a jikin katakon da duk nauyinsa, ko motsi bai yi ba. Gaskiya aikin ya yi kyau, amma ban faɗa masa ba, kada gobe ya ce zai sake mana rufin gida.

Sharaɗinki ya cika. Ki sa Auta ya kawo min uwata.

Ƙanwarki da ta sha ƙura,
Inna Ƙarama

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, na san gidan ya yi muku faɗi. Auta zai gaya miki sun iso lafiya, amma ba zai faɗa miki yadda aka yi ba, shi komai "lafiya lau" ne. Ni kuma ina da ƙorafi a kanki.

Me ya sa ba ki gaya min ba? Ko don kullum kina ganinta ne ba ki lura ba? Da Auta ya fito da ita daga mota, na nemi fuskarta a inda na saba samunta, daidai da tawa, sai na ga tsakiyar kanta. Inna ta ranƙwafa, Yaya. Da ƙyar kanta ya kai kafaɗata.

Ta huta, ta ɗan kurɓi ruwa. Can ta miƙe, duk muka yi kamar ba ma kallo. Ta fito lungun, ta ga katakon, ta gane na mene ne. Ta ɗaga hannu, yatsunta suka taɓa shi, amma dafawa ba ta yiwuwa sai ta miƙe, miƙewar kuwa ita ce babu. Sai ta sauke hannun ta dafa bango a ƙasansa, ta ɗan taka, santsin fenti ya ja hannun. Ta tsaya. Ta juya ta koma ɗaki, ta ce dama ba ta matsu ba, ta ture kofin ruwan gefe.

Auta ya matso ya ce min a hankali, tunda bai sauke akwatinta ba, gara su kama hanya tun da sauran rana. Na dubi katakon. Awon nawa ne, ni na hana a aiko miki da zancen zare. Na tsaya jiran Injiniya ya ce ai ya faɗa. Da ni ce, da tuni na faɗa har da ƙari.

Bai ce ba. Ya roƙi Auta ya ɗan zauna. Shagon mai walda a buɗe yake, ko kallonsa bai yi ba. Ya cire kwaɗon gareji, ya kwaso kayan nan a hannu kamar itace, ya yage ledar tef da haƙori. Ya je ƙofar Inna ya durƙusa ya ce, "Inna, aikin nawa ne ya karkace. Ki taimaka ki nuna min inda ya kamata ya zauna." Ta ce, "Ai tun daga ƙofa na san aikin ɗan ofis ne." Ta fito ta ɗora tafinta a bango, ya sa fensir, ya auna da tef, ya bi lungun da alama har ƙarshe.

Daga nan ba ka jin komai sai ƙarar guduma. Auta ya tuɓe riga yana riƙe masa katako, ni ina kwashe ƙura, Inna tana daga ɗaki tana cewa a buga da ƙarfi, ba ƙwai ba ne. Fuskar gudumar nan da aka yi ta shafa wa mai ta yi tabo ko'ina, bakin kurfi ya sha siminti, sukundirebar da aka yi min shari'a a kanta tana yashe a ƙasa ana takawa. Ko sau ɗaya bai waiwaye su ba.

Da aka gama Inna ta fito. Ta dafa, ta jijjiga shi ta ji ƙarfinsa, ta tafi a hankali har can, ta rufe ƙofa da kanta. Mu uku muna tsaye a falo kamar marasa gaskiya. Da ta dawo ta tambayi Auta me yake jira bai sauke mata akwati ba, ni kuma ta miƙo min kofi ta ce in cika shi. Na shiga kicin na sha kukana, sannan na kawo mata.

Ramukan farko suna nan jere a bango, sama da katakon. Injiniya ya ce ya ga wani cokalin siminti mai kyau a shagon nan na kasuwa, zai sayo ya toshe su. Na ce in ya ƙara shigo min da kwali gidan nan, a gareji zai kwana. A bar su yadda suke. In na zo wucewa nakan ɗora hannu a kai, daidai hannuna suke, daidai inda na Inna yake a da.

Tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da bargonta da kika ɓoye. Allah ya saka miki da alheri a kan duk ɗawainiyar da kika yi.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
wadda har yanzu ake ce wa Inna Ƙarama