Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Karaye, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina maigidanki da yara? Da fatan duk mutanen Rogo suna lafiya.

Bayan gaisuwa, kada hankalinki ya tashi. Yaya Barau ya faɗi a gonar gyaɗa jiya da hantsi, kumfa a baki. Ƙwayar tiramol ce, wadda yake sha wai don ƙarfin aiki, wannan karon ya zarce. Mun kawo shi asibiti daga Kwanyawa a kan babur, an farfaɗo da shi, alhamdu lillahi.

Likita ya ce farfaɗowar ba ita ce warkewa ba. Sai an tura shi Kano wajen masu raba mutum da ƙwaya, in ba haka ba zai koma, kuma ta biyu ba ta cika barin mutum ba. Na miƙa katin inshorar lafiyarmu. Ma'aikacin ya ce katin na Barau ne, shi kuwa majinyacin Nuruddeen ne a katin ɗan ƙasa. Ashe ranar rajista Inna ce ta je, aka tambaye ta sunan ɗanta na fari. Kin san Inna. Ta ba su laƙabi.

Sun ce sai wadda ta yi rajistar ta zo ta faɗi sunan da bakinta. Ki lallashe ta a waya, ta fi jin maganarki.

Ƙaninki,
Sulle

Karaye, ranar Juma'a

Yaya Ikilima,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin ƙaramar taki?

Inna ta zo. Ma'aikacin ya biyo mu har bakin gado da takardarsa. Ya tambaya, ta ce ai ga shi nan kwance. Ya sake tambaya, ta ce yayan Sulle ne. Mutumin bai yi fushi ba, ya ce tasa uwar ma haka take, amma takarda ba ta san kunya ba. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, sannan ta faɗa. A hankali, amma mun ji.

Yaya Barau ya juya fuskarsa bango. Shekara talatin bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Gyaran katin wai sai mako uku, shi kuwa gobe za a sallame shi. Na gaji, Yaya, amma na ƙirga: kwana ashirin da ɗaya ne. Zan riƙa kama kunyar da ke kusa da tasa a gona, inda ya sa ƙafa in sa tawa. Mai sayar da ƙwayar yana nan bakin kasuwa, shi ba ya tambayar sunan kowa.

Ki sa mu a addu'a. A gaida mutan gida.

Naki,
Sulle