Ƙafar Toka

Dayi, 9 ga Oktoba

Zuwa ga maiɗakina Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Yasmin da jaririnta. Yaya jego, yaya Kaduna? Mu nan lafiya lau, an fara karyar masara.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Jibo direba alhali jiya muka yi waya. Bakina ne ya yi nauyi. Kyanwarki Toka ta ji ciwo. Tun Litinin take jan ƙafar baya, ko abinci ba ta ci. Gwaggo ta ce babur ne ya buge ta.

Na sa ta a kwali na kai ta Funtuwa wurin likitar dabbobi, Dakta Fibi. An ɗauki hoto, ƙashin ƙugu ya tsage amma bai rabu ba. Ta ba da magani, ta ce a hana ta tsalle na sati shida. Sannan ta ara mini wani zoben roba mai faɗin bakin tukunya. Idan aka ɗora shi kan ƙugun aka danna, sai wata 'yar koriyar fitila ta riƙa ƙyaftawa. Wai ƙarfin maganaɗisu yake aikawa cikin jiki kaɗan-kaɗan don rage kumburi da zogi. Na sa hannuna ciki, ban ji komai ba. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, wasu yana taimaka musu, wasu shiru. Minti sha biyar ne, sau uku a rana.

Kada ki tayar da hankalinki. A shafa mini kan jariri.

Mijinki,
Talha


Dayi, 23 ga Oktoba

Raudatu,

Sallama da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin Yasmin ya sauka, ke ma kina samun ɗan hutu.

Toka ta fara cin kifi. Ina sa mata zoben bayan asuba, bayan azahar da bayan la'asar. Saboda haka nake baro gona da rana tsaka. A majalisa Alhaji Mati ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi wa kyanwa caji ba sai a gidana. Aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Da farko ba ta yarda in taɓa ta. Da ta ji takuna sai ta maƙure a ƙuryar kwali tana huci. Sai da na yi kwana uku ina zama nesa da ita kafin ta bari. Yanzu kan cinyata take kwanciya, ni da na shekara tara ina korarta daga ɗakina. Minti sha biyar ɗin nan, ba waya, ba rediyo, mutum yakan yi tunani da yawa.

Raudatu, ba babur ba ne. Ni ne. Na shanya irin waken suya da na zaɓa ɗaya-ɗaya, ta biyo ɓera ta kife tiren cikin ƙasa. Ƙotar fartanya ce a hannuna. Na jefa don in tsorata ta, ko haka nake gaya wa kaina. Da Gwaggo ta ce babur, sai na yi shiru. Ranar da za ki tafi, ba ki ba ni amanar kaji ko akuya ba, ita kaɗai kika ambata. Na roƙi Allah gafara, amma ke ban roƙe ki ba. Ki yafe mini.

Naki,
Talha


Dayi, 20 ga Nuwamba

Raudatu,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da duk mutanen gidan. Ina fata jariri yana ƙara wayo.

Takardarki ta iso, na karanta ta har sau uku a zaure. Ashe kin riga kin gane abin da Dakta Fibi ma ta tambaye ni tun ranar da na kai Toka: wane babur ne zai shigo tsakar gida, ga kyanwar da ko zaure ba ta leƙawa? Kin ce tun takardar farko kika sani, kika jira in faɗa da kaina. Kin ce kin yi kuka kwana biyu, kuma ba don kyanwar kaɗai ba. Wannan layin ya fi komai yi mini nauyi. Na gode da yafiyarki, ban ɗauke ta da wasa ba. Gwaggo ma na gaya mata gaskiya. Ta kalle ni, ta ce, "To, Talha, gemu ya yi fari, hannu bai huce ba."

Jiya na mayar da zoben. Likita ta ce ƙashin ya haɗe. Na tambaye ta ko zoben ne ya yi aiki, ko maganin, ko hutun, ta ce ita ma ba za ta rantse ba. Amma ɗingishin ba zai tafi ba. Ina gaya miki tun yanzu don kada ki gani ranar da kika dawo ranki ya ɓaci. Za ta rayu da shi, ni kuma zan riƙa ganinsa kullum.

Yau da hantsi na dawo daga gona na tarar da mataccen ɓera a kan takalmina da na bari a ƙofar ɗakina. Gwaggo ta ce a ƙofar ɗakinki Toka ta saba ajiye irin wannan. Na daɗe a tsaye ban ɗauke shi ba.

Ranar Asabar zan zo tasha da kaina in tarbe ki.

Mijinki,
Talha