Karkataccen Layi a Allon Tahira

Zuwa ga ɗan ƙanwata Kamaruddeen, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan alhamdu lillahi, ana ta girbin gero.

Kamaruddeen, ka ci amanata. Har gida ka zo ka durƙusa, ka ce in ara maka allon zayyanar 'yata marigayiya Tahira, wanda na zana mata lokacin da ta sauke Alƙur'ani, wai malaminku na jami'a zai gani. Ko uwarta ba ta taɓa sauko da shi daga bango ba, amma kai na ba ka. Ranar kasuwa na shiga Ɗambatta, sai ga zanen 'yata an buga a takarda, an manna a alluna jibgi guda, kowa na ɗaukar wa ɗansa. Sai da na nemi wuri na zauna.

Kai ka san yadda nake yi, a gabana ka tashi. Ba na taɓa alƙalami sai da alwala, ba na jan layi sai mai allon yana zaune yana karatu, hannuna yana bin muryarsa. A wurina zaman nan shi ne zanen. Katakon shaida ne kawai cewa an zauna. To a gaban injin buga takardun naku, wa ya zauna da wa?

Ka maido mini da allona. Ka gai da mai ɗakinka.

Kawunka, Malam Abdulkabir.

*

Zuwa ga Kawu Malam.

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Ina gai da Inna.

Kawu, na yi laifi da ban nemi izini ba, na san da na tambaya za ka hana. Amma ka duba, masu zayyana ƙarewa suke yi, yara suna sauka ba allo. Idan zane yana da kyau, me zai ragu a jikinsa don idanu da yawa sun gan shi? Ni gani nake duk yaron da ya riƙe shi, Tahira na samun lada. Wallahi don kada a manta da ita na yi.

Na ba Dabo direba allon. Za ka ji daɗi in ka gani. Launin ya koɗe, sai na sa wani gwani ya sabunta shi, har layin nan na kusurwar ƙasa da ya karkace ya kankare ya miƙar da shi. Yanzu ba mai cewa hannunka ya taɓa kuskure.

A yafe mini. Allah ya bar mana kai.

Ɗanka, Kamaruddeen.

*

Kamaruddeen,

Salamu alaikum. Dabo ya kawo allon.

Wannan layin da ka sa aka miƙar, ina cikin jansa ne Tahira ta kai ƙarshen sura. Murna ta kama ta, ta yi dariya ta bugi gwiwata, alƙalami ya goce. Tun da muka binne ta, kullum in na idar da sallar asuba a nan nake ɗora yatsa. Yau na ɗora, ban tarar da kowa ba.

Allon ya yi kyau ƙwarai. Na ba Dabo ya mayar maka, ka rataye a ɗakinka. Uwarta ta tambaye ni labarin allon 'yarta, na ce mata har yanzu bai dawo ba.

Allah ya yi maka albarka.

Abdulkabir.