Irin Geron Maijidda a Tabarmar Karta

Gidan Sori, ranar Laraba

Zuwa ga uwargidana Maijidda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin ɗiyarmu Rufaida, ya kwanan jinjiri? Ki gaishe mini da mutanen Cadakori. Nan lafiya lau, sai zafin bazara da kewar furarki. Wadda nake saye a kasuwa ruwa ce da aka nuna wa gero daga nesa.

Akwai maganar da na ji tun kafin ki tafi wajen mai jego, ban faɗa miki ba don ban yarda da ita ba. Hambali wanzami ne ya raɗa mini, askarsa na kan wuyana, wai Autanmu ya fara zuba hatsi a karta. Na yi dariya. Kin san Hambali, bakinsa ya fi askarsa kaifi. Abin da na sani, samarin fadar gindin bedi suna wata karta da suka koyo a waya, foka suke ce mata, kuma abin da suke zubawa bai wuce sukari da ganyen shayi ba.

Duk da haka na leƙa ɗakinki. Tulun iri na nan liƙe da laka yadda kika bar shi, geron gidanku da kike zaɓen zangarniyarsa da hannunki tun kina amarya. Na jijjiga shi, da nauyinsa. Ki kwantar da hankali.

Naki har kullum,
Iro

Gidan Sori, ranar Lahadi

Maijidda,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta ƙafar nan mai ciwo. Allah Ya raya jinjiri.

Jiya da la'asar na je gindin bedin da niyyar faɗa, sai aka ba ni kujera da shayi, faɗan ya huce. Ga yadda abin yake. Kowa na riƙe da karta biyu a ɓoye, ana buɗe wasu a tabarma, ana zubi ana ƙari. Akwai Ɗantala, ɗan dillalin awaki. Shi ba ya barin kowa ya numfasa, kowane zagaye sai ya ƙara, yana buga cinya yana kiran mutane matsorata, su kuwa suna ta zubar da kartarsu.

Auta ya karkato mini tasa na gani. Biyu ne masu jar zuciya, ga wasu biyu irinsu a tabarma. In ta biyar ta fito ya cinye kowa, in ba ta fito ba, takarda kawai yake riƙe da ita. Ɗantala ya yi ƙari, sai ɗanki ya tura duk abin da ke gabansa. Daga baya ya yi mini bayani, wai mai matsi irin Ɗantala ba a bin sa a hankali, ture shi ake yi: ko ya tsorata ya janye, ko kartar ta zo, ƙofa biyu ke nan. Na ce wannan ai binne ne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa a zauna kallon sama. Ya ce to ni wa ya taɓa hana ni binne?

Ɗantala bai janye ba. Aka buɗe karta, baƙa. Aka kai hannu ga ta ƙarshe. Maijidda, da furfurata, na ji bakina yana motsi. Ta fito jar zuciya, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, fada ta kwashe da dariya. Auta ya dube ni da fuskar da ya dube ni ranar da ya fara tafiya. Yanzu da wane baki zan hana shi?

Mijinki,
Iro

Gidan Sori, ranar Juma'a

Maijidda, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fatan ruwan nan ya iso ku lafiya. Ki sa Rufaida ta zaunar da ke kafin ta ci gaba da karantawa.

Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya. Gari ya fita da sungumi, ni ma na fasa bakin tulunki. Yashi ne a ciki, har wuya. Wanda ya liƙe shi ya iya aiki, har shatin yatsu ya bari irin naki. Ashe ranar da na jijjiga shi nake rubuto miki da nauyinsa, rairayin gulbi nake yi wa shaida.

Na kira Auta. Bai yi gardama ba, bai kuma yi kuka ba, da ya yi da na ji sauƙi. Tiya-tiya ya riƙa ɗiba tun sanyi, wani lokaci ya ci ya mayar. Ragowar ta tafi a zagayen karta irin wanda na gani, huɗu ja yana jiran ta biyar. Ya tura duka, Ɗantala ya bi shi, ta biyar ba ta zo ba. Abin da ya kashe mini jiki, ya ce wasansa daidai ne, ko gobe irin kartar ta dawo hannunsa haka zai yi. Yana faɗa yana kallon bakin ƙofa, don lokacin fada ya yi.

Iri dai za a samu a kasuwar Gidan Rumji, amma ba naki ba, mai nuna da wuri ko damina ta gajarta. Ɗan'uwanki da ke da irinsa ya rasu, gonarsa ta zama fegi. Kada ki yi gaggawar dawowa. Ba abin da za ki tarar sai ni da tulu.

Ki yafe mini, ki gaida kowa.

Mijinki,
Iro

Na manta. Za ki tambaya ko Hambali ne kaɗai ya san maganar. Ashe gari duka ya sani, tun jiya ake zuwa ana faɗa mini kamar ta'aziyya. Na ƙarshe ya zo ɗazu da hantsi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kira ni Baba. Ya ce ya gama shuka gonar ubansa, iri ya yi saura, ga tiya guda sadaka kada in rasa. Na buɗe ƙullin, na gane ƙwayar tun kafin in taɓa. Na karɓa, Maijidda, har na sa masa albarka. Ɗantala ne.