Shekara Uku Ba a Buɗe Teku

Tsurigama, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ina Baba da gonar tuffa?

Watana bakwai ke nan a ofishin ƙungiyar masunta. Aikin da suka ba ni shi ne ƙirga awabi, katantanwar tekun nan da garin yake ci da ita tun kaka da kakanni. Na ƙirga a wurare goma sha biyu. Inda littafin ƙirgan 1995 ya nuna ɗari, ni goma sha tara na samu. Ruwa ya ƙara ɗumi da digiri biyu, ciyawar da awabin suke ci ta mutu.

Sai na rubuta cewa kada a buɗe kamu sai bayan shekara uku. Mama, ranar buɗewa ita ce babbar ranar garin nan. Sau uku teku ta share gidajensu, ba su taɓa fasa buɗewar ba.

A taro, Baba Genzo, wani tsohon masunci da kullum yake kawo mini miyar kifi, ya tashi ya ce, “'Yar boko, kin ƙirga katantanwa, kin ƙirga mu? Shekarata saba'in da takwas. Ita kin ba ta shekara uku, ni wa zai ba ni?” Aka yi dariya, ban da ni. Asabar za a kaɗa ƙuri'a.

Ki gaida Baba.

'Yarki,
Chizuru

Tsurigama, 9 ga Disamba

Zuwa ga Mamata,

Bayan gaisuwa, na sami saƙon safar ƙafa, na gode. Sanyi ya shigo da ƙarfi.

An rufe kamun, ƙuri'a ashirin da uku da ashirin da ɗaya. Gida huɗu sun riga sun tashi. Jiya ɗan Baba Genzo ya zo daga birnin Sendai ya ɗauke shi, zai zauna a bene hawa na tara, inda ba a hango ruwa. Na je sallama, na sunkuya na kasa ɗagowa. Ya ce, “Ɗago, yarinya, kada bayanki ya riga nawa karyewa. In katantanwar ta yi yawa, ki ci rabona.”

Na koma ofis na sake lissafin daga farko, wuri bayan wuri, ina fatan in tarar da kuskure in kai wa shugaban ƙungiya. Mama, babu kuskure.

Ki kula da gwiwar.

'Yarki mai kewarki,
Chizuru