Ledar Gyaɗar Garinmu

Umma,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Abba? Don Allah kada a sayar min da katakon hawan ruwana.

Lafiyata ƙalau a Maldives. Igiyar ruwan nan ta fi ta garinmu Cox's Bazar kyau, sai dai baƙi ke hawanta. Ni shara nake kwashewa a bakin teku kafin su tashi, in binne a yashi. Ogana ya ce, "Ƙara zurfi, Shohag!" Washegari ruwa ya tono ta.

Jiya na tsinci ledar gyaɗa da rubutun harshenmu na Bengali, irin wadda Yaya Liton ke sayarwa. Na kasa binne ta, tana aljihuna.

Ki sa ni a addu'a. Ki kuma ce wa Yaya Liton ya daina watsa shara a teku. Nan take iske ni.

Ɗanki,
Shohag