Sunan da na raɗa wa nas ɗinmu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinki na jinya. Mu ma lafiya lau. Mamanki na nan tana fama da ni, ƙaninki kuma ya samu aikin tuƙin nan. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ajin da na tsaya.

Wata biyu da suka wuce na hau tsani zan gyara kwanon ɗaki. Mamanki na cewa in kira kafinta, ni ina cewa shi ma hannu biyu gare shi. Ban rufe baki ba na gan ni a ƙasa, ƙugu ya riƙe. Aka kai ni ƙaramin asibitinmu, kin san shi, ɗaki biyu da benci ɗaya. Sabuwar nas ce ita kaɗai, sa'arki. Na nace ta ba ni maganin ciwo, ta tambayi magungunan da nake sha, na zazzage mata na hawan jini da na gyambon ciki. Ta buɗe wani littafi da bangonsa ya tafi, ta ce ya tsufa, ɗaya daga cikin nawa ma babu shi a ciki. Sai ta ɗauki waya ta zagaya bayan tankin ruwa, wai nan kaɗai sabis ke kamawa. Ina kwance ina nishi, ina hango ta ta taga tana ɗaga hannu sama tana juyi.

Da na fito, benci cike da mata, bakin nan nawa ya ƙi zama. Na kwaikwayi juyin nata da ƙuguna mai ciwo, na raɗa mata suna Bari-in-tambayi-waya. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na maimaita a wurin mai aski, na maimaita a tasha, duk inda na samu kunne. Sunan ya bi ta.

Makon jiya ɗan maƙwabcinmu tela ya kwanta da zazzaɓi. Uwar ta ce ba za ta kai shi wurin wadda ba ta san aikinta ba, ta sayo magani a kanti ta auna da ido. Yaro ya galabaita, sai da ya kwana huɗu a babban asibiti. Ya tashi, alhamdu lillahi. Tela bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi daga bakina matarsa ta ji.

Na ja ƙafa na je wurin nas. Ta ce ranar nan dubawa ta yi ko maganin ciwon da na nace a ba ni zai yi da cikina, ta tarar zai iya sa min zubar jini. Ta ce yanzu kunyar ɗaga waya take ji a gaban marasa lafiya, sai ta ce musu za ta zagaya banɗaki. 'Yata, da na ji haka na rasa inda zan sa idona.

Abu biyu nake roƙo. Ki samo mata sabon littafin awon magani, na takarda, wanda ba ruwansa da sabis. Sannan ki rubuto mini ko manyan likitocinku su ma suna dubawa kafin su ba da magani, in riƙa karanta wa mutane. Don nas ɗin ta ce haƙurina ta karɓa, amma ba shi zai dawo da iyaye mata kan bencin ba, in koma duk inda na faɗa in gyara. Wuri bakwai na tuna. Na je biyu. A wurin mai aski na tsaya na tsuke fuska ina bayani, suka fashe da dariya, sun ɗauka sabon barkwanci na kawo.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan takwarana da 'yar autarki. Mamanki da gwaggonki suna gaisuwa. Ki sa ni a addu'a, saura wuri biyar, kuma a shekaruna ban taɓa koyon yadda ake magana mutane su yarda ba wasa ake ba.

Ni ne mahaifinki.